Jikan Galadima Zai Koyi Fawa

Highbridge, Bronx.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya da natsuwar zuciya, ko a cikin bas ka buɗe ta, ko sai ka sauka. Allah Ya tsare hanya, Ya kai ka lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki a inda za ka.

Da Hausa na rubuta maka, na kuma san za ka sha wahalar karantawa. Ka yi haƙuri, ka bi a hankali. Inda ta gagare ka, ka bugo wa Ummanka waya ta warware maka. Turancina na aiki ne, na iya tambayar hanya da yin magana da likita, amma ba zai ɗauki abin da ke raina ba.

Sunan mahaifina ka ci, shi ya sa ba ka taɓa jin na kira ka da sunanka na yanka ba. Shi ne Galadiman garinmu, kamar yadda ubansa da kakansa suka riƙe kafin shi. Garin ba babba ba ne, sarautar ma ba ta da wata dukiya, amma an raine mu a kan cewa akwai abubuwan da ɗan gidan Galadima ba ya yi. Ba ya cin abinci a tsaye a kasuwa, ba ya dako, ba ya ƙira, ba ya wanzanci, ba ya fawa. Mahauta unguwarsu daban ce, can bayan kasuwa. Duk ranar kasuwa Sarkin Fawa yakan aiko da cinya gidanmu, mu ci mu ji daɗi, amma ban taɓa zama tabarma ɗaya da ɗansa ba, alhali ajinmu ɗaya a firamare. Da mahaifina ya rasu, ɗan wansa aka naɗa. Ni kuwa na koyi tuƙi, na shiga aikin gwamnati, har aka turo ni New York a ƙarshen shekarun 1980, ina tuƙa wani babban jami'i a ofishin wakilan ƙasarmu. Kana ɗan firamare muka zo.

Kuskurena na farko a garin nan shi ne na zo da rawanin da ba a naɗa mini ba. Ka tuna masallacin da muke zuwa a University Heights, wanda ake sauka ƙasa kafin a shiga. Yawancin masu salla a ciki 'yan tebur ne daga Nijar, da direbobin tasi, da mutanen zango daga Gana. Nakan idar da salla in ɗauki takalmina in fita. In an gaishe ni in amsa, amma ba na fara gaishe da kowa. Suka sa mini suna Yarima. Na daɗe ina jin daɗin sunan kafin na gane cewa da ɗan murmushi suke faɗarsa.

Da aka mai da maigidana gida, aikina ya ƙare. Na zaɓi mu zauna saboda karatunku. Ma'aikatan ofis da nake alfahari da zama cikinsu, kowa ya shiga hidimarsa, ban ga laifinsu ba. Wanda ya hawo tudun Highbridge ya ƙwanƙwasa ƙofarmu shi ne Alhaji Isaka, mahaucin nan mutumin Kumasi mai shago a Morris Heights, wanda ban taɓa miƙa wa hannu da fari ba. Ya zauna a bakin kujera ya ce, "Malam Sada, na ji aiki ya ƙare. Akwai wata mata tana sayen nama a wajena, ta ce wani tsohon Bature yana neman mai tuƙa shi da kula da shi. Na ce mata ina da mutum mai tsabta da amana." Ban san inda ya san amanata ba. Na dai ji kunya ta rufe ni.

Saboda haka, Abba, duk inda ka sauka, kai ne za ka fara gaisuwa. Ka gaishe da mai gona, ka gaishe da mai wanke dabe. Kada ka auna mutum kafin ka miƙa masa hannu, domin ma'aunin da muka taho da shi daga gida sau da yawa ƙarya yake yi.

Baturen nan shi ne Mista Filif, wanda ka san na yi wa aiki shekaru a Riverdale. Mutumin Ingila ne, ya yi aiki a kamfanin jiragen ruwa har ya yi ritaya, matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tana can California. Da fari kai shi asibiti kawai nake yi. Daga baya ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa, sai tura shi a keken guragu, sai ɗagawa, sai wanka. A masallaci dai ni direba ne. Ku da kuke gida kun san sauran.

A falonsa akwai wani babban zanen hoto. Mutum ne a tsaye, da farin gashi na aro a kansa irin na alƙalan Turawa, da jar kwat mai maɓallan zinariya, hannunsa ɗaya a kan wani dogon kare. Wata rana ina goge gilashin taga na tambaye shi ko wane ne. Ya ce kakan kakan kakansa ne, basaraken Ingila, wanda ya rayu fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce. Daga ranar muka sami abin hira. Bayan ya ci abincin rana, in na juya kekensa ya fuskanci kogin da ake hangowa ta taga, sai ya ɗauko labarin daga inda ya tsaya.

Ya ce mutumin ba shi ne ɗan fari ba, ba a kuma yi tsammanin zai gaji komai ba. A al'adarsu babban ɗa shi ke ɗaukar sarauta da gida da ƙasa gaba ɗaya, ƙanne su nemi aikin soja ko na coci. Sai agana ta kashe wansa, ba a daɗe ba uban ma ya bi. Yaro bai gama makaranta ba ya wayi gari dattawa suna cire masa hula. Da ya girma ya zaga ƙasashen Turai kamar yadda 'ya'yan manya ke yi a lokacin, ya dawo aka aura masa 'yar wani attajirin ulu. Dukiyar matar ce ta gyara rufin gidan kakanninsa, amma har ta mutu ba ya son a ambaci sana'ar ubanta a gaban baƙi. Ya zauna a majalisar sarakunansu, ya rushe rabin tsohon gidan ya gina sabo, ya dasa itatuwa a jere tun daga ƙofa har bakin titi. Ya haddace kakanninsa kaf, wa ya auri wa, wa ya yi yaƙi a ina, wa sarki ya ba ƙasa. Mista Filif ma ya haddace, yana lissafa su da yatsunsa.

Labarin ya yi mini daɗi ƙwarai, domin ina jin kamar gidanmu ake faɗa. Ni ma sai in lissafa masa Galadimomin garinmu, in gaya masa yadda ake naɗi. Yakan saurara da gaske. Mu biyu ke nan, ɗaya a keke, ɗaya da tawul a kafaɗa, kowa yana kiran sunayen matattunsa. A lokacin ban lura cewa bai taɓa yi mini maganar 'ya'yan mutumin ba.

A shekarun nan ne ka fara zuwa shagon Alhaji Isaka ranar Asabar da Lahadi. Na yarda, don na ɗauka shara kake yi da jera kaya. Ka gama sakandare, ka shiga kwaleji, ina gaya wa kowa lauya za ka zama, ban taɓa tambayar ka ba. Ranar da Ummanka ta aike ni sayen kayan miya na shiga shagon na gan ka a bayan kanta, da farar riga duk jini, da wuƙa a hannu kana raba kafaɗar rago, ban san lokacin da na ɗaga murya ba. Shagon cike yake da mata masu cefane. Na ce ka ajiye wuƙar nan. Na ce jikan Galadima ba ya fawa. Na juya ga Alhaji Isaka na ce masa ban ba shi ɗana don ya mai da shi irinsa ba.

Alhaji ya dai sunkuyar da kai yana goge hannu. Kai ne ka yi magana. Ka fara da Turanci, sai ka tsaya, ka sake da Hausarka mai tsalle-tsalle don kowa ya ji. Ka ce, "Baba, kai fa wanka kake yi wa Bature. Ni ban taɓa jin kunyarka ba."

Na fita ban sayi komai ba. Na taka da ƙafa har gida, ban hau bas ba.

Wannan shi ne kuskurena na biyu, kuma ya fi na farko muni. Ko da a ce ina da gaskiya, ba wurin faɗarta ba ke nan. Na tozarta ka a gaban mutanen da kake yi wa aiki, na kuma zagi mutumin da ya ɗauke ni lokacin da na faɗi, a cikin shagonsa, a gaban masu sayayyarsa. Wata rana za ka sami yaran aiki a ƙarƙashinka, za ka sami iyali. In ranka ya ɓaci, ka ja mutum gefe. In ka ji muryarka tana hawa, ka fita ka sha iska, maganar ba za ta gudu ba. Kai ma abin da ka faɗa mini gaskiya ne, amma ka ga yadda gaskiya take yanka in an faɗe ta a bainar jama'a. Ban riƙe ka da shi ba. Ni na buɗe ƙofar.

Kuskurena na uku ka fi kowa saninsa. Na daina yi maka magana. Tun ana dusar ƙanƙara har zafi ya shigo, muna gida ɗaya mai ɗaki biyu, muna gogayya a ƙofar banɗaki, ka gaishe ni in amsa da ka. Ummanka ta zama 'yar aike tsakanin falo da kicin. Wata rana ta ajiye mini abinci ta tsaya a kaina ta ce, "Malam, yaron nan ba giya yake sha ba, ba sata yake yi ba. Da asuba yake tashi. Me kake so in ce masa kuma?" Na ce mata ta bar maganar. Ta rame a watannin nan, ina gani na kau da kai. Ina tsammanin shiruna zai sa ka dawo hanya. Abin da ya yi kawai shi ne ya koya maka zama ba tare da ni ba.

Kada ka hukunta wanda kake so da shiru, Abba. Faɗa yana ƙarewa, a yi kuka a shirya. Shiru kuwa mutum yana sabawa da shi, wata rana ka so yin magana ka tarar ba ka san ta inda za ka fara ba.

A cikin wannan hali ne Mista Filif ya lura da ni. Ina sa masa safa ya ce, "Sada, kwana biyu ba ka da magana. Wa ya mutu?" Na gaya masa duka. Ina faɗa ina jiran ya goyi bayana, domin in akwai wanda zai gane zafin abin, to shi ne. Sai ya ce in juya kekensa ya fuskanci hoton.

Ya ce basaraken nan 'ya'ya mata ya yi ta haifa, sai can daga baya Allah ya ba shi namiji guda. Aka buga ƙararrawa a coci, aka ciyar da ƙauye. Yaron ya taso ba ya son farauta, ba ya son majalisa. Abin da yake so shi ne bin wani mai ɗori da fiɗa da ke garin, yana riƙe masa kwano in ana yi wa mutum aiki. A zamanin, in ji Mista Filif, masu wannan aiki ba su da nisa da wanzamai a idon manya. Yaro ya ce shi abin da zai koya ke nan. Uban ya ce ɗan gidansu ba ya taɓa ƙurjin talaka da hannunsa. Aka yi ta ja. Ƙarshe uban ya ce masa ya zaɓa, ko gidan ko wuƙar. Yaro ya ɗauki jakarsa ya tafi Landan, ya koyi aikin, ya shiga jirgin ruwa yana yi wa matuƙa magani. Yakan aiko da saƙo gida, uban ya hana a amsa. Zazzaɓi ya kashe shi a teku, bai yi aure ba, aka saka gawarsa a ruwa.

Sarautarsu ba ta bin mace. Da tsohon ya rasu, sai ta koma hannun wani ɗan uwa na nesa da ko gaisawa ba sa yi. Jikan wannan ya sayar da gidan, aka sare itatuwan. Daga baya sarautar ma ta mutu don babu namijin da zai gada. Shi Mista Filif ta wajen autar 'ya'ya matan ya fito, hoton nan ne kaɗai rabonta.

Na ce, "To uban bai yi nadama ba?"

Ya ce, "Ba wanda ya sani. Bai faɗa ba. Kakata ta ce an ce ya hana a taɓa ɗakin yaron har ya mutu." Ya ɗan huta, don numfashi yana yi masa wuya a lokacin, sannan ya ce, "Tun ina yaro nake kallon fuskar nan. Da, baƙi nake nuna wa. Yanzu in na dube ta, yaron nake tunawa. Ban san kamanninsa ba. Shi ba wanda ya zana hotonsa."

Ba zan yi maka ƙarya in ce a ranar na sauya ba. Na ma ji haushinsa kaɗan, na ce a raina Bature bai san al'adarmu ba. Amma maganar ta bi ni cikin jirgin ƙasa, ta bi ni masallaci. Na riƙa tuna cewa mahaifina ya taɓa gaya mini Galadima na farko a gidanmu bafatake ne, kanwa yake kawowa a kan jakuna, sarki ya ga hankalinsa ya jawo shi. Na san wannan tun ina yaro, amma duk lissafin da na yi wa Mista Filif ban taɓa ambatar jakunan ba.

Mista Filif bai kai ƙarshen shekarar ba ya rasu. 'Yarsa ta zo ta yi abin da ya kamata, ta gode mini da hawaye. Hoton ya fi ƙarfin bangon gidanta, ta ba masu gwanjo. Na ga lokacin da maza biyu suka sauke shi suka naɗe da bargo suka fita da shi ta lif ɗin kaya.

Ka tuna ranar Asabar ɗin da na shigo shago na tsaya a layi bayan matan. Da na zo gaba na fara zuwa wajen Alhaji Isaka na ce ya yafe mini. Ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, "Malam Sada, ya wuce tun ranar. Yaronka yana da hannu, kuma yana da tausayin dabba. Ba kowa Allah ke ba biyun ba." Sai ka matso, idonka a ƙasa, ka ce, "Baba, me za a ba ka?" Na ce haƙarƙari. Na tsaya ina kallon yadda ka zaɓa, ka sara, ka naɗe. Da yamma da ka dawo na ce ka zo mu ci abinci kwano ɗaya, ka zo.

Yanzu ga shi za ka tafi gonar nan ta Pennsylvania inda Alhaji ke sayo dabbobi, ka koyi aikin tun daga garke har mayanka, da fatan wata rana ka buɗe taka inda Musulmin garin nan za su ci nama ba tare da shakka ba. Na yarda, na kuma sa albarka. Amma ina so ka san gaskiyar mahaifinka. Har yau in aka bugo waya daga gida aka tambaye ni me kake yi, harshena yakan yi nauyi kafin in faɗa. Abin da aka shuka a mutum tun yana ƙarami ba ya fita rana ɗaya. Ina dai faɗa. Watan jiya na gaya wa Galadima na yanzu da bakina a waya, sai ya kauce wa maganar ya tambayi lafiyar Ummanka.

Ban san aikinka ba, don haka abin da zan ce a kansa kaɗan ne. Kada ka yanka dabba ba ka ambaci sunan Allah ba, ko da kai kaɗai ne a wurin, ko da an gaji, domin mutanen da za su ci sun dogara da kai ne ba su gan ka ba. Ka wasa wuƙarka inda dabba ba ta gani, ka ba ta ruwa, kada ka yanka wata a gaban wata. Ka tsare sikeli. Can babu masallaci kusa, babu mai tashin ka da asuba, sai ka zama ladanin kanka. Mai gonar ba Musulmi ba ne, ka girmama shi, ka yi masa aiki kamar naka. Karatun da ka ajiye kuma, ban ce ka zama lauya ba, amma in ka sami sarari ka ƙarasa shi, ko da na yamma ne.

Kada kuma abin da ya faru tsakaninmu ya sa ka tsani asalinka. Kakanninka mutanen kirki ne. Sun raba gardama, sun ciyar da baƙo, sun tsaya wa marayu. Wanda ka ci sunansa bai taɓa cin abincin dare shi kaɗai ba. In ka zo hutu ka zauna in faɗa maka su ɗaya bayan ɗaya, tun daga mai jakunan, har da matan, waɗanda ni ma sai na tambayi gwaggonka kafin in iya. Ka san su don ka yi musu addu'a, ka kuma gaya wa 'ya'yanka. In Allah Ya ba ka ɗa ya zo maka da abin da ba ka zata ba, ka zaunar da shi ka tambaye shi dalili kafin ka buɗe baki da hukunci. Ni ban tambaye ka ba sai da na kusa rasa ka.

Ka riƙa kiran Ummanka duk Juma'a. Ba za ta ce maka tana kewa ba, za ta tambaye ka ko kana cin abinci ne.

Gobe ni zan raka ka tashar bas, na riga na gaya mata. Zan ɗaukar maka jaka ɗaya, ina fata ba za ka hana ni ba. In kana karanta wannan ka tuna ban yi magana a hanya ba, kada ka ɗauka irin wancan shirun ne. Abin da nake da shi duk na zuba a nan.

Allah Ya yi maka albarka, Ya sa albarka a hannunka da sana'arka. Allah Ya kare ka daga sharrin ƙarfe da na dabba da na mutum, Ya tsare maka imaninka a inda ba mu gani. Ya jiƙan magabatanmu, Ya dawo mana da kai lafiya, Ya sa mu gana da alheri. Amin.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinka,
Sada